Kwarmin Makiyaya

Ruwa na zubowa daga kan dutse, sama kuwa ko ɗigon gajimare babu.

Bello ya dogara sandarsa a bakin kwazazzabo, ya ɗaga kai. Shekara goma sha ɗaya yana yi wa baƙi jagora zuwa wannan lungu na ƙasar Dogon Kiriya, inda tsamiya da kirya suka haɗa kai suka yi duhu a gindin tsauni. Ya san halin wurin kamar yunwar cikinsa. Ruwa ba ya gangarowa sai an tafka mamako, ya yi yini biyu ya ɗauke. Bana kuwa kwana ashirin ke nan rabon ƙasa da ruwa, gero har ya fara naɗe ganye.

Tun a mota ya faɗa wa Yasir haka: ruwan dutsen da baƙi ke kira kaskad ba zai zubo ba yau. Yasir shi ne mai tara baƙin daga Yamai da hotunan waya, shi ke ɗauko mota, shi ke ɗaukar jagora.

"Kai dai ja mu, Baba," in ji Yasir. "Kaskad za ta zo."

Ga ta kuwa ta zo. Baƙin shida suka zubar da jakunkuna suka ruga. Wani mai tumbi, Laurent, ya tuɓe riga ya shiga ƙarƙashin ruwan ya buɗe baki. Matarsa Colette ta tara hannu tana wanke fuska.

Iska ta kaɗo wa Bello warin. Kafin fari ya cinye masa garke shi ma makiyayi ne, hancinsa bai manta ba. Fitsarin shanu ne, da kashi, da tsohon gansakuka. Ya tofar da yawu, ya bi ta bayan tsamiya ya kama hanyar awaki zuwa sama.

A kan tsaunin akwai wani kwarmi da makiyaya suka tare bakinsa da duwatsu da laka tun zamanin kakanni, don irin wannan rana da damina kan yi yaji. An fasa bakin. Leburori biyu na zaune a inuwar geza, diga da shebur a gabansu. Khalil, ɗan ƙanen Bello, yana tsaye cikin taɓo har ƙauri, shanunsa arba'in sun kewaye shi suna kallon abin shansu yana tafiya.

"Baffa, kai ka kawo su?" in ji Khalil.

"Ni na kawo su."

"Na je ɗauko gishirin shanu, na dawo na iske wannan. Sun ce mai mota ya ce a buɗe in an ji hon sau ukku."

Ɗaya daga leburorin ya ce, "Mu aiki aka ba mu, tsoho."

"Ai ko kura aikinta take yi," in ji Bello.

Ya cire babbar rigarsa, ya dunƙule ta ya cusa a ramin, ya hau jera duwatsu. Khalil na miƙo masa laka. Gwiwoyinsa na ƙara, ƙudaje na bin bakinsa, wata matacciyar hazbiya da ta kumbura ta zo ta tokare masa hannu, ya ture ta da gwiwar hannu ya ci gaba. Can ƙasa aka ji shewar baƙi ta ragu, ta koma gunaguni, ta mutu.

Khalil ya gwada abin da ya rage da sandarsa. Bai kai idon sawu ba.

"Ruwan kwana biyu," in ji shi. "Jiya na wata guda ne."

"Daga nan fa?"

"Sai rijiyoyin Tibiri, in masu gona sun bar mu mun wuce."

Bello ya sauko daga shi sai 'yar shara, laka har wuya. Yasir ya tare shi nesa da baƙin, yana murmushi saboda ana kallonsu.

"Baba, ka san abin da ka yi? Mutanen nan awa biyar suka yi a mota."

"Shanun can kwana biyar za su yi a ƙasa."

"To ka koma kiwo. Jagorori ba su ƙare ba a Arewa."

Colette ta matso, gashinta na ɗiga, riƙe da gorar roba da ta cika. "Baba, Yasir ya ce ruwan nan daga cikin dutse yake fitowa, har magani ne. Zan kai wa mahaifiyata."

Bello ya karɓi gorar ya ɗaga ta a rana. Wasu jajayen tsutsotsi ƙanana na wutsil-wutsil a ciki.

"Madam, shanu arba'in ke shan sa. Abin da suka sha da abin da suka mayar, duk yana nan."

Ta dube shi, ta dubi mijinta da ke lasar leɓe. Ta juya bayan wata magarya, aka ji ta tana kakari.

Yasir bai ko waiga ba. Idonsa na kan waya, inda Laurent ke ta rawa a ƙarƙashin farin ruwa, mutane na ta aiko saƙo. Leburorin sun sauko, diga a kafaɗa. Ya yafuto babbansu.

"Asabar baƙi goma sha biyu ke tafe," ya ce a hankali. "Ka ce akwai wani kwarmin ta gabas, ko?"