Zubi Uku Kafin a Ƙirga Goma

Shekara ashirin da huɗu ta yi a ɗakin gwaji na hawa na biyu, kuma kowa a sashen sinadarai na jami'ar Gwaggo yake ce mata, har shugaban sashe. Daga gida sunan ya biyo ta. Ɗan yayanta ne ya shigo da shi lokacin da ya zo karatu, ɗalibai suka ji suka ɗauka, ya zauna daram. Ita ta riƙe shi tun yana aji uku na firamare bayan rasuwar mahaifiyarsa, ita kuma ta koya masa riƙe kwalbar awo ba tare da hannu ya yi rawa ba. Yanzu ya zama Dakta, da ofis mai labule a ƙarshen baranda. Ita tana nan inda take, ma'aikaciyar ɗakin gwaji, da farar riga mai ƙunar asid a bakin aljihu.

Abin da ya haɗa su aiki wani haɗi ne na ƙarfen rutiniyam. In ɗalibai sun tambaya, takan ce musu ƙarfen ne zaune a tsakiya, ƙwayoyin sinadarin kabonil uku sun kewaye shi, na fosfin biyu sun dafa shi sama da ƙasa. Dakta ya zo da wani sabon fosfin, ya zana haɗin a allo, ya kaɗe alli daga hannunsa ya tafi taro. Gwaggo ce ta yi wata goma sha ɗaya a gaban akwatin zuƙe hayaƙi tana kwasar baƙin taɓo, har ta gano bakin zaren. Sai ruwan fosfin ya tafasa sosai yana juyawa, sannan a zuba abu uku bi da bi, gishirin rutiniyam, fomalin, ruwan fotash, duka kafin a ƙirga goma. In tafasar ta kwanta a tsakani, an yi aikin banza. In an dace, ruwan zai wanke daga baƙi ya koma rawaya, da ya huce sai ƙananan ƙwayoyi masu ƙyalli su zubo gindin tulun gilashi kamar gishiri. Na'urar gwada samfur kuma ta zana layi ɗaya tak mai tsini, shaidar kabonil ukun sun zauna daidai.

Da maƙalar da aka rubuta kan aikin ta fito a mujalla, sunaye biyu ne a kanta, na Dakta da na wani abokinsa na wata jami'a. Mai kula da sito ya tsaya gaban allon sanarwa ya karanta sama da ƙasa, ya juyo ya ce, "Gwaggo, kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi."

"Ɗana ne," in ji ta. "In ya ci, ni na ci."

Ta ji zafin abin, ba ƙarya. Amma ta haɗiye, ko karanta maƙalar ba ta yi ba.

Bayan wata bakwai sakatariyar sashe ta kawo mata wasiƙa a rufe, ta miƙa ba tare da ta dube ta ba. Wasu masu bincike sun rubuta wa mujallar cewa sun bi hanyar da aka bayyana har sau shida, ba su samu komai ba sai baƙin taɓo. An kafa kwamiti. Ana gayyatar ma'aikaciyar da ta haɗa samfurin ranar Laraba, ta kare kanta daga zargin ƙirƙirar sakamako. A ƙasa an rubuta hukuncin laifin in ya tabbata: kora, ba fansho.

Ta zauna a kan doguwar kujerar benci. Sannan ta je ta cire maƙalar daga allo, ta bi ta da yatsa layi-layi har ta iso inda aka bayyana yadda aka yi haɗin. An rubuta wai an zuba sinadaran uku digo-digo cikin minti talatin.

Dariya ce ta ƙwace mata. Ashe abin ba shi da yawa. Haka masu rubutu suka saba rubutawa, digo-digo, don ya fi kama da natsuwa a takarda, shi kuma bawan Allah bai taɓa tsayawa ya ga ana zubin ba. Ta naɗe takardar ta nufi ofis mai labule, zuciyarta wasai.

"Ɗan Yaya, kwantar da hankalinka, na gano matsalar. Layi ɗaya ne. Ba digo-digo ba ne, gaba ɗaya ake zubawa. Ka rubuta musu gyara, su sake gwadawa, shi ke nan."

Bai ɗago ba. Yana ta jera biro a kan tebur, ja kusa da ja, baƙi kusa da baƙi.

"Na sani, Gwaggo."

"Ka san me?"

"Tun ranar da wasiƙarsu ta zo na duba littafinki na aiki. Na gani."

Ta nemi kujera ta zauna, ba wanda ya ce ta zauna.

"To me ya hana ka gyarawa?"

"Gwaggo, a takardun ƙarin girmana na sa hannu cewa ni na yi haɗin da kaina. Wanda ya yi shi da hannunsa ko sau ɗaya ba zai rubuta digo-digo ba. In na aika gyaran nan, kowa a kwamitin zai gane." Ya ɗan sassauta murya. "Ke saura shekara biyu ki yi ritaya. In kika ce kwalabe ne suka cakuɗe miki, kuskure ne ba ganganci ba, gargaɗi kawai za su ba ki. Ni kuwa yanzu na fara."

"Kora wasiƙar ta ce."

"Haka suke rubutawa. Zan yi magana da mutane." Ya dube ta a karon farko. "Na gaya wa Baba, ya ce za ki fahimta."

Nan ne abin ya soke ta. Ba a cikin ruɗu ya ambaci sunanta ba. Zama ya yi ya auna, ya ɗora shekarunta ashirin da huɗu a wannan hannu, nasa a wancan, ya ga nata ba nauyi. Har ya kai maganar gida, aka yanke ba da ita ba. Ranar yabo ba a tuna tana da suna ba, sai ranar da ake neman wuyan da za a rataya wa laifi.

Ta miƙe. "Allah ya kai mu Laraba," ta ce, ta ja masa ƙofa a hankali.

Mutum biyar ne a kwamitin, shugabarsu wata dattijuwar Farfesa daga wani sashe, mai tura tabarau kan goshi in za ta saurari mutum. Dakta ya fara magana, ya yi ta tsaf kamar ya haddace. Ya ce shi ya tsara aikin, shi ya fara haɗin, daga baya ayyuka suka yi masa yawa ya bar wa ma'aikaciyar. Ma'aikaciyar ce ta kawo samfur, ma'aikaciyar ce ta kawo zanen na'ura, shi kuma ya amince da ita, laifinsa ke nan. Sau uku ya ce ma'aikaciyar. Gwaggo na ƙirgawa.

Farfesa ta juyo. "Malama, me za ki ce?"

"Ranki ya daɗe, ni ban iya dogon bayani ba. A ba ni tulu biyu da awa biyu."

Suka ɗunguma zuwa hawa na biyu. Ta ɗora tulu biyu a kan wuta, ruwa iri ɗaya, awo iri ɗaya, ta jera ƙananan kofunan gilashi uku-uku a gaban kowanne. Ta ce ɗaya za a bi yadda maƙala ta ce, ɗaya yadda littafinta ya ce.

"Na maƙalar, mai maƙala ya yi," in ji Farfesa.

Dakta ya ari farar riga, hannunta ya yi masa gajere. Ya tsaya yana ɗiga sinadari digo-digo, ya san abin da zai fito, ba kuma damar ya sauya hanya a gaban mutum biyar masu riƙe da abin da ya rubuta. Minti talatin ya yi yana ɗigawa. Ruwan ya yi duhu, ya yi kauri, ya manne a jikin gilashi.

Gwaggo ta jira nata ya tafasa har yana tsalle. Ta yi bisimilla a zuci. Na farko, na biyu, na uku, ta ajiye kofin ƙarshe tana kan takwas. Ruwan ya yi kumfa, ya wanke, kafin a jima rawaya ta bayyana. Suka tsaya har ya huce ƙwayoyin suka zubo. Aka ɗebi kaɗan aka sa a na'ura, layin nan ɗaya ya miƙe a inda maƙala ta ce yake.

Farfesa ta daɗe tana duban tulunan biyu. Sannan ta tura tabarau kan goshi.

"Malama, tambaya ɗaya. Tun da aka fara aikin nan, sau nawa Dakta ya yi zubin nan da hannunsa?"

Gwaggo ta dube shi. Yana tsaye da gajeren hannun riga, leɓensa na ƙasa ya ɗan saki, yadda yake yi tun yana yaro in ya fasa abu yana jira ta ce ita ce. Kuma sau da yawa ta ce ita ce. Ta ji tausayi ya taso mata, ta jira ya ce wani abu, ko da kalma ɗaya ce, da bakinsa. Ido kawai ya zuba mata yana jira.

"Yau ne na farko, ranki ya daɗe."

Kafin la'asar an ba ta takarda mai hatimi cewa ba ta da laifi. Mai kula da sito ya so ya yi mata barka, ya ga fuskarta ya fasa. Ta wanke tulunan biyu, na taɓon sai da ta jiƙa shi a asid, ta rataye rigarta ta tafi gida.

A ƙofar gida ta tarar da motar Yaya, mahaifin Dakta. Yana tsaye jikinta, bai shiga ba, bai kuma amsa gaisuwarta ba.

"An dakatar da shi," ya ce. "Hankalinki ya kwanta?"

"Yaya, korata za a yi. Ba fansho. Ya gaya maka wannan?"

"Ai da ba a kai ga haka ba. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar." Ya girgiza kai yana dubanta kamar bai taɓa ganinta ba. "Ke da kika raine shi?"

Ta tsaya da makulli a hannu. Tun ranar da wasiƙar ta zo ba ta yi kuka ba, sai yanzu hawaye suka zo, ba ta kuma share su ba.

"Ni da na raine shi, Yaya," ta ce. "Shi ka tambaye shi haka?"

Yaya ya buɗe mota ya shiga, ta tsaya a bakin ƙofa har ya sha kwana.