Abin da Wuta Ta Taɓa

"Mayar da kwanonki, Uwar Tukunya," in ji Tela. "Na gaya miki, abin da wuta ta taɓa ba ya shiga cikina yanzu."

Ina tsaye a ƙofar ɗakinta da romon kaza, kwanon yana ƙona min yatsu. A kan keken ɗinkinta, inda almakashi da zare suka saba zama, an jera kokwamba da alayyafo da citta da lemon tsami. Malamar Ganye tana durƙushe gaban blanda, injin markaɗenta, tana tura ganye da cokali, ko ɗago kai ba ta yi ba.

Ni da Tela katanga ce kawai tsakaninmu. Shekara da shekaru ina miƙa mata kwano ta saman katangar nan, ita kuma tana ɗinka wa yarana kaya. Abinci nake sayarwa a bakin titi, kuma ba yabon kai ba, ba a dawo min da saura. Sai ga wannan mata da suka haɗu a layin asibiti, bayan likita ya ce an ga ƙari a cikin Tela. Ita ta ɗora ta a kan azumin ruwan ganye: safe kore, rana kore, yamma kore, wai yana wanke jiki. Kafin a ce me, har mukullin gidan an ba ta. Ni ban taɓa riƙe mukullin nan ba.

"Yaya, ki gane," Malamar ta ce da muryar nan tata mai sanyi, "girki yana kashe amfanin abinci."

"To ni duk shekarun nan gawa nake sayar wa mutane ke nan?"

Tela ta yi dariya har ta dafe ciki. Na ji daɗi, na ce a raina har yanzu ni ce mai sa ta dariya. Sai ta miƙa hannu ta karɓi kofin Malamar, ta shanye. Na koma gida da kwanona.

Kishi nake yi, ba zan ɓoye ba. Duk safiya in na ji kukan blandar ta katanga, sai in ƙara wa tukunyata albasa da gangan, in buɗe taga don ƙamshin ya tsallaka. Abin da ya fi ƙona min rai, matar ba muguwa ba ce. Ita ke yi wa Tela wanka, ita ke raka ta asibiti, ita ke juya ta a gado. Na nemi aibinta har na gaji. Burina ɗaya ne: Tela ta sake cin abin hannuna, ko loma guda.

Ta rame har zobenta ya koma babban yatsa. Keken ɗinkin ya yi ƙura.

Wata rana bayan na tashi daga sana'a, Malamar da kanta ta buga min ƙofa.

"Yaya, tana kiranki."

Na tarar da Tela an jingina ta da filo, muryarta ƙasa-ƙasa.

"Uwar Tukunya, romonki nake sha'awa. Ko cokali ɗaya."

Na dubi Malamar. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Kawo mata, Yaya."

Wallahi kamar in yi rawa a hanya. Akwai sauran romon safe a tukunya, ɗumamawa kawai yake so. Na ɗaga murfin, na duba, na mayar. Bayan duk wannan lokaci, a gaban wannan matar, in kai wa Tela ragowar kasuwa? Na yafa gyale na nufi wajen mai kaji. Na zaɓa da kaina, na tsaya aka fige. Na ɗora a wuta kaɗan-kaɗan yadda take so, na kwashe man da ya taso, na ɗanɗana gishiri, na ƙara, na sake ɗanɗanawa. Ban taɓa yin romo irinsa ba.

Da na shiga, takalman ƙanin Tela ne na fara gani a bakin ƙofa. Yana tsaye a tsakar gida, ya juya wa ɗakin baya. A ciki Malamar tana zaune a gefen gado, riƙe da hannun Tela, fuskarta sharkaf da hawaye. Tela ta riga ta cika.

"Ta yi ta tambaya ko kin dawo," ta ce. "Leɓenta ya bushe, sai na ɗan jiƙa mata."

Na ajiye kwanon a ƙasa. A gefen bakin Tela akwai ɗigon kore da bai gama bushewa ba. Na kama bakin gyalena na goge mata shi a hankali, tururin romon yana tashi kusa da ƙafata.