Mama a Cikin Masu Tafi

Yayana Hartmut ne ya ja ni zuwa ƙaramar silimar nan ta bayan tashar jirgin ƙasa a Leipzig, wai an yi fim a kan zamanin mulkin kama-karya. Fim ne baƙi da fari, ba kiɗa, ba mai magana, tsofaffin hotunan lokacin yaƙin duniya na biyu kawai aka jera. Har na fara gyangyaɗi, sai Hartmut ya damƙe min hannu.

Sojoji na maci a titi, jama'a na ta tafi. A sahun gaba ga wata mata da hula mai fure, tana dariya har da ƙyaƙyatawa. Mama ce. Ina jaririya bom ya kashe ta, kuma hotonta ɗaya da ya rage mana fuskarta a ɗaure take.

Daga ita sai aka nuno taragun jirgin ƙasa da aka cusa mutane a ciki ana kai su sansanonin kisa. Na gane nufin mai fim ɗin sarai.

Da muka fito Hartmut ya ce, "Kin ga abin kunya ko? Uwarmu ce fa ake nuna wa duniya. Kar ki sake zuwa nan."

"To, Yaya."

Washegari na koma, jibi ma haka, har mai sayar da tikiti ta ce, "Baiwar Allah, ke kam ba kya gajiya da baƙin ciki?"

Na san abin da Mama take yi wa tafi, kuma yana ci min rai. Amma duk tsawon rayuwata ba wanda ya taɓa gaya min tana da wushirya irin tawa.