Bugun Ƙirjin Mai Agogo

Ɗari da sha takwas ya samu. Mai Agogo ya ɗaga yatsunsa biyu daga wuyan hannunsa, ya sake duban hannun sakan na agogon da ke kan teburin aikinsa, ya sake ƙirgawa don kada ya cuci kansa. Wannan karon ɗari da ashirin ne cif. Sai ya ture kujera ya miƙe yana dariya shi kaɗai a cikin shago, dattijo mai shekara sittin ba ɗaya, baki har kunne, duk don Malama ta ɗage labulen shagonta na tsallaken titi ta ɗago masa hannu.

Malama tsohuwar malamar makaranta ce da ta yi ritaya ta buɗe shagon buga takardu da kwafi. Mijinta ya rasu, shi ma matarsa ta rasu shekara shida da suka wuce. Wata huɗu ke nan tana kawo masa agogon hannu guda ɗaya wanda lafiyarsa ƙalau, shi kuwa ya buɗe bayansa, ya hura, ya rufe, ya ce ta dawo jibi.

Mai Aski, maƙwabcin shagonsa kuma abokin tsokanarsa, shi ya jefa shi cikin wannan hali. Makon jiya yana rage masa gemu ya ce ai so ba ya ɓuya, ranar da shi ya fara ganin uwar 'ya'yansa sai da ya dafe bango don bugun ƙirji. Mai Agogo mutum ne da bai yarda da abin da bai auna ba. Washegari da Malama ta shigo, ya ɓoye hannu ƙarƙashin tebur ya ƙirga. Hamsin da takwas ya samu, daidai da abin da yake samu in yana shan shayin safe. Abin ya tsaya masa a rai. Bai ga dalilin da zai ɗauko 'yar mutane daga zamanta na rufin asiri ya kai ta gidansa ba, in har zuciyarsa ko gezau ba ta yi a kanta.

Da ya yi ta juya maganar, sai ya gano mai laifi: ƙaramar farar ƙwayar da yake haɗiya kowace safiya tun da aka ce yana da hawan jini. Likita da bakinsa ya ce masa aikinta ta rage wa zuciya gudu. To ta yaya mutum zai ji gaskiyar zuciyar da aka ɗaure wa ƙafa? Ya jefa kwalin maganin a aljihun tebur, cikin matattun batura, ya ce a ba shi kwana uku kawai ya ji.

Yau ce ta ukun, kuma ga amsa ta fito. Ya leƙa shagon Mai Aski ya sanar da shi lambar kamar wanda ɗansa ya ci jarrabawa. Mai Aski ya ajiye almakashi ya yi ta ƙyaƙyatawa har sai da tarinsa na asma ya taso, ya ce wannan ai ya wuce nasa na ƙuruciya, ya zaunar da shi ya gyara masa gefen kunne kyauta, ya fesa masa turare har ido. Da ya ga gumi na tsatsafo masa a goshi da sanyin safiya, ya ce na ango ne.

Mai Agogo ya koma shago ya ce bari ya ƙarasa aiki ɗaya kafin ya tsallaka. Ya saƙala gilashinsa na ido ɗaya, ya ɗauki hantsaki, ya kamo wani ɗan sukuru da bai kai ƙwayar yashi biyu ba. Hantsakin ya yi ta karkarwa. Shekara talatin da biyar hannun nan bai taɓa yi masa haka ba, amma yau sukurun ya yi tsalle ya ɓace a ƙasa. Maimakon ya damu, murna ya yi. Har hannu ya shaida. Bayan kansa na sara, kunnuwansa na wani irin shuu, duk ya haɗa ya zuba a kwandon so.

Ƙarfe goma sha ɗaya ya gyara wuyan riga ya tsallaka titi, yana jin kamar ƙafafunsa ba sa taɓa kwalta. Ya tarar da Malama tana ciro takardu masu ɗumi daga injin kwafi. Ta dube shi ta saman tabarau ta ce yau kuma shi ya biyo agogon da kansa?

"Malama, magana ce na zo da ita. Na auna, na tabbatar."

Bai kai ga maganar ba. Wani abu ya matse masa ƙirji kamar an ɗora masa injin kwafin, zafin ya gangara kafaɗarsa ta hagu, rumbunan takardu suka fara juyawa. Ya zame ya zauna daɓas a kan kwalin farar takarda, yana ta murmushi har lokacin, yana ce mata kada ta damu, shi ya san ko mene ne. Malama ta yi shekara talatin tana gane ɗalibin da ke ciwon ƙarya da na gaske. Ba ta tsaya sauraronsa ba, ta ƙwala wa Mai Aski kira, suka tare mota.

A ɗakin gaggawa aka kwantar da shi, aka naɗa masa abin awo a dantse, aka maƙala masa wani ɗan abu a yatsa, aka manna masa wayoyi a ƙirji. Likitar yarinya ce da ba ta wuce sa'ar 'yarsa ba. Ta ga lambobin ta ɗaure fuska, ta tambayi maganin da yake sha. Ya ce atenolol. Ta tambayi yaushe ya sha na ƙarshe. Nan Mai Agogo ya fara kallon silin, Mai Aski kuma ya tuna wai ya bar mutum da rabin aski, ya sulale.

Da gaskiya ta fito, likitar ta yi ƙoƙarin riƙe dariyarta, amma muryarta ba wasa. Ta ce irin wannan ƙwaya ba a yanke ta rana ɗaya. Zuciyar da ta saba da linzami, in aka zare shi kwatsam sai ta zabura fiye da da, jini ya hau, wani ma a nan yake samun bugun zuciyar da ba a dawowa. In akwai dalilin dainawa, likita ne zai riƙa rage ta sannu a hankali. Ta ce ya yi sa'a hoton zuciyarsa bai nuna ɓarna ba, amma zai kwana su sa masa ido. Ya tambaya ko ya haɗiye ukun da ya tsallake a rama. Ta ce ko kusa, ɗaya tak, a lokacinta, kullum. In ya ga bugun ya sauka ƙasa da hamsin yana jiri, ko numfashi na yi masa wuya, ya zo ya faɗa, kada ya yanke wa kansa hukunci a shago.

"Wato ɗari da ashirin ɗin nan," in ji shi a hankali, "ba na Malama ba ne?"

"Na ƙwayar da ba ka sha ba ne, Baba."

Wannan ya fi ciwon ƙirjin yi masa zafi. Aka ba shi magani, aka ja labule. Zuwa la'asar injin da ke gefen gadonsa ya sauko sittin da 'yan kai, kansa ya daina sara, hannunsa ya tsaya cak kamar da. Murnar safe duk ta zube, kunya ta maye gurbinta. Ya koma inda ya fara, ga shi kuma ya tara wa kansa abin dariya a layi gaba ɗaya.

Ashe Malama ba ta tafi ba. Tana bayan labulen a kan kujerar roba, jaka a cinya, kuma babu abin da ya wuce kunnenta. Ta jawo kujerar ta zauna kusa da gadon. Ya rufe ido ya yi kamar barci, ta ce ya buɗe, ta ga irin wannan barcin a aji ba adadi.

Ba ta yi masa faɗa ba. Hannu ta miƙa ta zare ɗan abin da ke yatsarsa ta maƙala a tata. Injin ya yi 'yar ƙara, lambobin suka ɓace, suka dawo. Hamsin da shida.

"Shekara huɗu ina shan irin ƙwayar taka," ta ce. "Ko sau ɗaya ban tsallake ba. Da hamsin da shidan nan na bar shagona a buɗe, inji a kunne, na biyo ka."

Wata nas ta leƙo ta ce Hajiya don Allah a mayar wa mara lafiya abinsa. Malama ta mayar masa, ta gyara zaman tabaranta, ta naɗe hannu.

"To, Malam. Ka ce magana ka zo da ita."

Mai Agogo ya saci kallon injin. Sittin da ɗaya yake nunawa lokacin da ya buɗe baki, kuma bai ƙara ko ɗaya ba har ya gama neman aurenta.