Hannun Hagun Ramla

Shekarar da aka turo Madam Lailatu Dakoro, ajin 'yan fari aka ba ta, wanda ake ce wa Se'i. Ajin rumfar zana ne, a can ƙarshen filin lakwal, wato makaranta, gindin wata bishiyar dogon yaro. Yara sittin da uku ne, zaune bisa tabarmi, kowa da ardwaz ɗinsa, wato ƙaramin allon rubutu, da guntun alli da tsumman gogewa. An shiga lakwal ana cikin yankan gero, don haka karan ƙirga bai yi wuya ba. Kowane yaro ya zo da guntaye goma ɗaure da zare.

Safiya iri ɗaya ce kullum. A yi layi, a duba farce da fuska, a yi waƙa, a shiga. Madam ta rubuta harafi a tablo, wato babban allo, ta faɗa, yara su maimaita da ƙarfi har 'yan ajin maƙwabta su ji. Sannan kowa ya duƙa bisa ardwaz. In ta buga sanda a tebur sau ɗaya, a ajiye alli. In ta buga sau biyu, a ɗaga ardwaz sama ta gani.

Cikin yaran akwai wata 'yar siririya mai manyan idanu, sunanta Ramla, shekararta shida. Wajen baki ba wanda ya kai ta. Waƙa sau ɗaya take ji ta riƙe, ƙirga kuwa tun sati na biyu ta kai ashirin da Faransanci. Amma in aka zo rubutu sai ta zama wata daban. Ta riƙe alli kamar muciya, ta danna shi har ya karye. In aka ɗaga ardwaz, nata ne na ƙarshe, kuma ƙasa-ƙasa take riƙe shi, a bayan kan Yazidu da ke zaune gabanta. Harafin "o" nata bai taɓa rufewa ba. Yazidu ya ce ya yi kama da ƙwaryar da jaki ya taka, aji ya yi dariya, ita kuwa ta shafe shi da hawayenta.

Madam ta gwada duk abin da ta sani. Ta kama hannun ta ja shi, ta sa ta rubuta a rairayi da yatsa, ta dawo da ita layin gaba. Wata guda ya wuce, abin bai motsa ba.

Wata Talata da aka fita shan iska, Madam na zaune a inuwa tana gyara kayen darasi, wato littafin shirin darasinta, sai ta ji 'yan mata suna shewa. Carabke suke yi. Ramla ce ke wasa, tana cilla dutse sama, ta kwashe huɗu a ƙasa, ta cafe na saman kafin ya sauko. Ta yi haka sau bakwai ba ta faɗi ba. Madam ta ajiye bik ɗinta na rubutu ta zuba ido. Da hannun hagu yarinyar ke yi.

Da aka koma aji ta kira ta gaban tablo, ta miƙa mata alli. Ramla ta karɓa da dama, kamar yadda aka koya mata a gida.

"Mai da shi wancan hannun," in ji Madam.

Ramla ta ɓoye hagun a bayanta. "Inna ta hana. Ta ce hannun ƙazanta ne."

"Yau ɗaya dai. Ni na sa ki."

Yarinyar ta waiga ta dubi aji, ta dubi ƙofa, sannan ta mai da allin. Ta ja "o" guda, ya rufe ruf kamar bakin tulu. Ta tsaya tana kallonsa. Ta sake wani, ta sake wani, ta yi "i" da ɗigonsa, ta yi "u", ba ta tsaya ba sai da ta kai inda tsawonta ya ƙare. Madam ta ce a tafa mata. Yazidu ma ya tafa, ko da yake ya ce na ukun ya ɗan karkace.

Kwana huɗu Ramla na rubutu da hagu a lakwal, tana ɓoyewa a gida. Ran na biyar ta manta, ta yi da hagu a gida. Litinin da safe, ana tsakar ƙirga da kara, sai ga wata tsohuwa a bakin zana, riƙe da hannun Ramla tamau. Inna Aisata ce, kakarta ta wajen uba, wadda ke riƙonta tun da aka yaye ta. Ba ta bi ta wajen direkta, shugaban lakwal, ba, kai tsaye ta zo.

Suka gaisa, gaisuwa mai tsawo, har aka tambayi gajiya da mutanen gida. Sannan tsohuwa ta ce, "Ɗiyata, ke ce madam ɗin? Na kawo miki yarinya ki koya mata karatu, sai ki koya mata abin da na shekara huɗu ina hana ta? Mi mutane za su ce? A ce jikar Aisata ba ta san dama da hagu ba?"

Yara sittin da biyu suka yi tsit, kowa ya buɗe kunne. Madam Lailatu ba ta fi shekara ashirin da huɗu ba, kuma ba ta taɓa jayayya da sa'ar kakarta ba. Ta jawo kujerarta, kujera ɗaya tak da ke ajin, ta goge ta da gefen zaninta.

"Inna, ki zauna ki huta tukuna. Kin sha tafiya. Bari in gama da su, sai mu yi magana."

Tsohuwa ta zauna tana huci. Madam ta ci gaba da darasi. Aka ƙirga kara uku da biyu, aka samu biyar, ban da Amani da ya samu shida saboda ya ari na maƙwabcinsa. Aka yi waƙar kwanakin sati. Inna Aisata ta ɗan saki fuska da ta ji muryar jikarta ta fi ta kowa fita. Sai aka zo rubutu. Madam ta ce wa Ramla ta yi da dama, kamar yadda kakarta ke so.

Ramla ta duƙa. Allin ya karye. Ta ɗauki guntun, ta ja, layin ya tafi inda ya ga dama. Kafaɗunta suka ɗaga. Da aka buga sanda sau biyu, ardwaz sittin da biyu suka tashi sama, nata ya tsaya a cinya. Tsohuwa na kallo.

"Yanzu ki yi da wancan, Inna ta gani," in ji Madam a hankali.

Ramla ta dubi kakarta. Kakar ta kau da kai. Yarinyar ta rubuta layi guda na "a", kowanne da 'yar wutsiyarsa, ta kawo ta durƙusa, ta miƙa da hannu biyu. Inna Aisata ta riƙe ardwaz ɗin nesa da idonta, ta daɗe tana dubawa.

"Wanga abin da wuya yake?" ta tambaya.

"Ki gwada mana, Inna," in ji Madam, ta ajiye alli a bakin tebur.

"Ni? Da tsufana?" Ta yi tsaki, amma hannunta ya riga ya tafi. Ta ɗauki allin, ta ja da'ira a ƙasan rubutun jikarta, da'ira mai kyau. Sai muryar Yazidu ta tashi daga layi na biyu: "Madam! Madam! Ita ma da hagu ta yi!"

Aji ya ɓarke. Tsohuwa ta dubi hannunta kamar na wani ne aka ɗaura mata. Ta saki allin. Sai ita ma dariya ta ƙwace mata, ta rufe baki da mayafi, kafaɗunta na girgiza, har ta share ido.

Madam ta sallami yara shan iska, suka zauna su uku. A nan tsohuwa ta ba da labari. A garin Mai Yara aka haife ta, kuma bahaguwa ce. Gwaggonta ta ɗaure mata hannun da tsumma a ƙugu damina guda cur. 'Yan mata suka yi mata waƙa a dandali, waƙar ta bi ta har gidan aure.

"Shi nake gudar mata," in ji ta. "Ba na son a yi mata waƙa."

"Gaskiyarki, Inna," in ji Madam. "Abinci ta ci da dama. Ta gaisa da dama, ta ba, ta karɓa da dama, ni ma zan tsaya a kan haka. Alli kaɗai nake roƙo ki bar mata. Mai waƙa kuwa, in dai cikin lakwal ɗin nan yake, ni da shi ne."

Inna Aisata ta jawo Ramla ta gyara mata ɗankwali, ko da yake ba abin da ya same shi. "To. Alli kaɗai. In na ga kin kai shi akushi, sai na cinye rabonki."

"Ba ki da haƙoran," in ji Ramla, ta ruga waje kafin a kamo ta.

Kafin satin ya ƙare Madam ta gano wasu bahagwai biyu a ajin, ɗaya Amani ne. Ta jera su ukun a gefen hagu na tabarma don kada gwiwar hannunsu ta riƙa karo da ta wasu.

Mahaifin Ramla, Jafaru, ba ya gari lokacin da aka yi wannan, ya kai awaki kasuwar Sabon Maci ya zarce wajen 'yan'uwa. Ran da ya dawo da la'asar, ya tarar da 'yarsa kwance rub da ciki a tsakar gida tana rubutu, uwarsa na gefe tana yankan kuɓewa a faifai. Ya tsaya.

"Ke Ramla, wane hannu ne wannan? Inna, kina gani?"

"Ina gani. Bar ta."

Jafaru ya buɗe baki zai ƙara magana, sai idonsa ya sauka kan wuƙar da ke hannun hagun uwarsa. Ya shekara arba'in yana cin miyarta, bai taɓa ganin ta yi yanka a gaban mutane ba, kullum cikin ɗaki take shiga da faifanta. Ya dubi wuƙar, ya dubi allin.

"Inna, ke ma?"

"Ka zauna ka sha ruwa," in ji ta, ba ta ɗago ba. "Ramla, tashi ki ɗebo wa babanki. Da dama za ki ba shi."