Jan Takalmin Agwagwa

Tun da suka shiga jirgin ƙasa a Penrith Glenys ta san an sa mata ido. 'Yarta Kerryn ta iya yin kamar taga take kallo, alhali kurakuran uwarta take bi ɗaya bayan ɗaya: butar shayin da ta ƙone a watan jiya, makullin gida da aka tsinta a cikin firij, ga tabarau da ta manta yau da safe. Ranar Litinin za su ga likitan ƙwaƙwalwa. Abin da ya faɗa shi zai yanke ko Glenys za ta ci gaba da zama ita kaɗai a gidanta na shekara arba'in, ko a nemar mata ɗaki a gidan kula da tsofaffi. Wannan fitar ta Asabar zuwa Sydney kuwa lallashi ce kawai, irin alewar da ake ba yaro kafin allura. Glenys ta gane sarai, kuma abin yana ci mata rai.

Wasan waƙa da rawa za su kalla a kan dandamali, wanda aka ɗauko daga wani tsohon fim ɗin zane. Labarin wata agwagwa ce mai raba wasiƙu a garin bakin kogi, takalminta na dama ja, na hagu ruwan ɗorawa. Kerryn tana ƙarama ta kalli kaset ɗin fim ɗin har ya tsinke.

"Ni na yi wa agwagwar nan fenti," in ji Glenys, bayan sun wuce tashar Parramatta.

"Wace agwagwa?"

"Guda nawa za mu kalla? Kafin a haife ki na yi wata takwas a kamfanin da ya yi fim ɗin."

"Mama, a kicin ɗin makaranta kika yi aiki."

"To, ke za ki gaya mini inda na yi aiki? Kafin kicin ɗin ba ni da hannu ne?"

Sai ta zayyana mata komai. A wancan zamanin kowane motsi a kan fallen roba garai-garai ake zana shi, a jera mata a dogon ɗaki su cike launi. Ta bayan fallen ake shafa fenti don kada layin zanen ya lalace, kuma idan aka kifa fallen, dama ta koma hagu. Ita sabuwa ce, shekararta ashirin da biyu. Aka ba ta falle talatin da shida na wurin da agwagwa ke tsallake gada, ta manta da wannan juyin, ta zuba ja mai lamba goma sha bakwai a ƙafar da ba ita ba. Ba a lura ba sai da aka haɗa fim, lokacin gyara ya wuce. Shugabar ɗakin ta ce ta ajiye safar hannunta ta kama gabanta. Kunya ta hana ta faɗa wa kowa, har mijinta Des ya rasu bai sani ba.

Kerryn ta ce, "Ikon Allah." Da irin muryar da ake amsa wa mai zazzaɓi ta faɗe shi. Ta ɗauko waya ta rubuta wani abu a takaice, Glenys kuma ba ta buƙatar tabarau don ta san an ƙara layi a abin da za a kai wa likita. Glenys ta juya fuskarta ga taga har suka sauka.

Gidan wasan ya cika da yara sanye da jan takalmi ɗaya, da iyayen da suka fi su zumuɗi. Kerryn ta sayi ɗan littafin bayanin wasa ta cusa a jaka. Aka kashe fitilu, masu kiɗa suka fara kiɗa daga raminsu na gaban dandamali.

Glenys ba ta yi niyyar jin daɗi ba. Kogin shuɗin yadi ne, mutum shida ke kaɗa shi, kuma shuɗin ya yi duhu da yawa, a ɗakinsu na fenti da ba a karɓa ba. Agwagwar wata doguwar budurwa ce da baki na kwali a goshi, tana waƙa tana juyi ba ta ko haki. Abin da ya ci wa masu fenti talatin shekara guda, ga shi mutum ɗaya na yi da ƙafafunta. Duk da haka ta tsinci kanta tana buga ƙafa.

Gab da hutun rabin lokaci aka turo gada. Glenys ta so ta tashi ta fita, kamar yadda take yi shekara da shekaru duk sanda fim ɗin ya zo nan. Agwagwa ta hau ta wannan gefen, shingen gadar ya rufe ƙafafunta, ta sauko ta wancan. Jan takalmin yana hagu. Kiɗa ya tsaya cak. Ta sunkuya ta kalli ƙafarta, ta ɗago ta kalli jama'a, ta ɗaga kafaɗa. Ɗakin ya kece da dariya da tafi, wani dattijo a bayansu yana cewa wannan wurin yake jira.

Da aka kunna fitilu Kerryn ba ta tashi sayen askirim ba. Littafin ta zaro tana buɗawa da sauri har ta samu wurin, ta karanta a hankali. An rubuta cewa masu son fim ɗin sun daɗe da gano wannan kuskuren, sun mai da shi abin so, kuma an rina takalmin wasan daidai da ja mai lamba goma sha bakwai na tsohon kamfanin. Ba a san wadda ta yi fentin ba.

"Littafin nan yana jakata tun ɗazu," in ji Kerryn.

"Ni kuma tabarauna yana kan teburin kicin a Penrith."

Kerryn ta rufe littafin ta ce, "Shi ya sa da an zo gada kike tashi ɗora shayi."

"Kullum. Har sai da kika kashe kaset ɗin na huta."

Suka yi dariya, ta Kerryn haɗe da hawaye. Ta nemi uwarta ta yafe mata, Glenys ta ce ta share hancinta tukuna, mutane na kallo. Rabin wasan da ya rage ta kalle shi ƙafa ɗaya kan ɗaya. Rabon da ta ji daɗi haka tun Des yana raye.

Ƙarfe huɗu da rabi suka fito, rana na nan da sauranta. Kerryn ta tsaya a bakin titi tana gyara jaka.

"Zan soke ganin likitan nan. Wanda ya tuna lambar fenti bayan shekara arba'in da bakwai, ai ni ya kamata a duba. Wuce gaba, Mama, kin fi ni sanin garin."

Gaskiya ne. A wannan titin Glenys take bi zuwa tashar jirgi tun tana budurwa. Ta dubi dama, ta dubi hagu. Motoci na wucewa, yara na tsalle da jan takalmi, amma ko gini ɗaya bai ce mata komai ba. Ta jira abin ya dawo, kamar yadda ya dawo ranar Talata a kasuwa ba tare da kowa ya sani ba. Bai dawo ba. Da za ta zaɓi gefe ɗaya ta yi sa'a, shi ke nan gidanta ya tsira. Amma ta taɓa ɓoye hagu da dama sau ɗaya, ta san nauyinsa.

"Kada ki soke," in ji ta.

Kerryn ta juyo ta dube ta.

"Ban san ta ina tashar take ba. Riƙe mini hannu."