Malama Tina Ta Zaɓi Zurmi

Tina ta sauka a Ƙaura Namoda ana tsakiyar damina, da akwati ɗaya da takardar shaidar malanta. Daga Bamenda ta ƙasar Kamaru ta fito, inda rikici ya sa aka rufe makarantar da take koyar da Turanci. Yayanta Friday ne ya kira ta. Ya daɗe a Ƙaura yana sayar da kayan gyaran babur kusa da tasha, har Hausa ta zauna daram a bakinsa.

Ba a jima ba labarinta ya kai kunnen Hajiya Maijidda, mai wata makarantar kuɗi a bayan gari. Hajiya tsohuwar malama ce, kuma da gaske take son aikinta. Ta aiko mota aka ɗauko Tina, ta zagaya da ita da kanta. Ajujuwa tsaf, fanka na juyawa, kowane yaro da kujerarsa, ga ɗakin karatu cike da littattafai. Ta yi mata alkawarin albashi mai kauri da ɗaki a cikin makaranta. Tina ta dawo shago tana ta ba yayanta labari, bakinta ya ƙi rufuwa.

A makon ne wani dattijo mai furfura ya tsaya sayen sarƙar babur. Sunansa Malam Armiya'u, shugaban wata makarantar gwamnati ta 'yan mata a Zurmi. Ya ji Tina na magana a waya, sai ya saki sarƙar ya kasa kunne.

"Wagga baiwar Allah malama ta?" ya tambayi Friday.

"Ƙanwata ce, Malam. Amma ta riga ta sami wuri."

Malam bai karaya ba. Ya ce an ɗauke musu malamin Turanci tun bara, ba a aiko wani ba, malamin tarihi ne ke lallaɓa darasin. "Ba ni yi muku ƙarya. Gwamnati ba ta ɗaukar ta, tunda ba 'yar ƙasa ba ta. Ƙungiyar iyaye ka biyan ta, kuma abin ba shi da yawa. Ta zo dai ta gani da idonta."

Ta je ne don kada a ce ta raina dattijo. Ta tarar da aji maƙil, wasu a benci, wasu a tabarma, wasu a bakin taga. Ta gaishe su, suka amsa da Turanci baki ɗaya kamar masu bitar karatu. Ta yi tambaya, aji ya yi tsit. Ta sake wata, kowa ya sunkuyar da kai. Da za ta tafi, wata doguwar yarinya ta biyo ta har bakin ƙofa, ta tattaro 'yan kalmomin da ta sani, ta tambaye ta da Turanci ko za ta dawo gobe. Sunanta Asiya.

Friday ya ɗauki zafi da ya ji ƙanwarsa ta yanke shawarar koyarwa a Zurmi.

"Kin gudo daga rikici, kuma ki kai kanki Zurmi? Hanyar nan ba kullum take lafiya ba. Ga Hajiya ta ba ki komai!"

"Yaya, ɗaliban Hajiya za su sami malami ko na je ko ban je ba. Waɗancan fa? Na bar irinsu a gida suna jiran a buɗe musu ƙofa. Ba zan sake barin wasu ba."

Ta je ta ba Hajiya haƙuri. Hajiya ta girgiza kai ta ce, "Za ki sha wuya, 'yata." Ba ta yi ƙarya ba kuwa.

Malam ya sama mata ɗaki a gidan wata unguwarzoma. Makonnin farko sai da ta raina kanta. Ta yi bayani har muryarta ta dushe, yara su kwafi allo tsaf, amma ba mai buɗe baki. Tsoron kuskure ya ɗaure musu harshe. Akwai ranakun da ta koma ɗaki ta zauna tana tunanin fankar Hajiya.

Wata rana da hantsi ta gaji da shirun, ta ce bari ta gwada Hausar da ta tsinta a gidan unguwarzoma. Ta nuna Asiya da alli ta ce, "Kai, yarinya, tashi ka zo!"

Aji ya fashe da dariya, har da masu bugun benci. Tina ta tsaya tana kallonsu. Tun da ta zo ba ta taɓa jin muryoyinsu haka ba.

"Ke aka cewa, Malama, ba kai ba," in ji Asiya, tana share hawayen dariya.

Tina ta ce ta yarda, amma a yi mata bayanin dalilin da Turanci. Asiya ta yi ta fama, wannan ta jefo mata kalma, waccan ta gyara, har bayani ya fito a karkace, amma ya fito. Daga ranar aka kafa doka: duk wadda ta kama Malama da kuskuren Hausa, ita za ta gyara mata, kuma da Turanci. Tina kuwa ba ta rasa kuskure. Yara suka koma farautar bakinta, suna rige-rigen ɗaga hannu. Kafin a kai amfanin gona gida, ana gardama a ajin nan kan farashin gero da wanda ya fi iya fura, duk da Turanci.

Da aka shirya gasar muhawara tsakanin makarantun Ƙaura da Shinkafi da Zurmi, Malam Armiya'u ya yi jinkirin sa sunansu, yana gudun abin kunya. Tina ta matsa masa har ya sa. A zauren makarantar Hajiya aka yi taron. Friday ya rufe shago ya zo ya zauna can baya.

'Yan Zurmi suka ka da Shinkafi da ƙyar. A zagayen ƙarshe suka haɗu da masu masaukin baƙi. Batun shi ne ko wayar hannu ta fi cutar da ɗalibi a kan amfanin da take masa. Wani ɗalibin Hajiya ya fara, Turanci na zuba daga bakinsa kamar ruwan famfo, ya kawo hujjoji daga littattafai kan illar waya. Aka yi masa tafi sosai, kuma ya cancanta.

Asiya ta miƙe. Ta fara, ta sarƙe, wasu suka ƙyalƙyale da dariya. Ta tsaya ta yi murmushi, ta gyara kalmar da kanta, ta ci gaba. Ta ba da labarin wani ƙauye kusa da Birnin Tsaba, inda wata rana da la'asar wayar wata ɗaliba ta yi ƙara. Ƙawarta ce daga wani ƙauyen take ce mata 'yan bindiga sun nufo su a kan babura. Yarinyar ta ruga ta gaya wa liman, aka kwashe mata da yara da tsofaffi kafin baburan su iso. Ta ce an ƙone rumbuna, an kora shanu, amma ba a rasa rai ko ɗaya ba. Sannan ta dubi alƙalan gasar ta ce ita ce yarinyar.

Hajiya Maijidda ce ta fara tafi, a tsaye.

Da aka sanar cewa Zurmi ce ta yi nasara, Malam Armiya'u ya cire hula yana ta hamdala. Friday ya ratso mutane yana ihu, "Ƙanwata ce! Ƙanwata ce ta koya musu!" Hajiya ta kama hannun Tina ta ce, "Kin ƙi ni, kuma kin zo har gida kin ka da ni." Ta yi dariya, ta sa aka loda musu kwalayen littattafai a bayan mota.

Sun isa Zurmi da sauran rana. Labari ya riga su, tasha ta cika da iyaye, mata na guɗa. Mahaifin Asiya, manomi ne da bai taɓa zama a aji ba, ya ce sai 'yarsa ta maimaita abin da ta faɗa a Ƙaura. Aka ɗora ta a kan benci, ta yi jawabin daga farko har ƙarshe. Bai ji ko kalma ɗaya ba, amma yana ta gyaɗa kai. Da ta sauko ya juyo wajen Tina.

"Malama, akwai ƙannenta biyu gida. Ran Litinin ina kawo miki su."

"A kawo su, Baba," in ji Tina da Hausa. "Akwai tabarma."